Babi na Uku: Jikokin Ibrahim Dara da 'Ya'yan Tata

A wajejen shekarar 1877, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an haifi yara biyu a karkarar Kano ta kudu. Ɗaya namiji ne, an haife shi a Bebeji, a gidan fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. Ɗayar mace ce, an haife ta a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, can wajen iyakar Kano da Zazzau, a gidan manoma kuma malamai. Namijin shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana attajirin da ba a san kamarsa ba a Afirka ta Yamma, zuriyarsa kuwa yau ba sai an gabatar da ita ba. Macen ita ce Baba, wadda ta yi aure huɗu Allah bai ba ta haihuwa ba, ta rasu a Giwa a 1951.

Da a ce zuriya ƙidayar 'ya'ya da jikoki ce kawai, da babu abin da zai haɗa waɗannan mutane biyu a babi ɗaya. Amma duk mai son ya san yadda gidan ƙauye na wancan zamani yake ci, yake aure, yake gudun hari, yake raba gado, wurin matar nan da ba ta bar ɗa ba zai je. Gidan da ya cika da jikoki kuma, sunan da duniya ta san shi da shi na wata tsohuwa ce da ba ta haifi kowa a cikinsu ba.

Idan ka zauna gaban dattijo a zaure ka ce, "Baba, a ba ni asalin gidan nan," zai gyara zama ya fara jero maka: ni ɗan wane ne, wane ɗan wane, har ya kai kaka na huɗu ko na biyar. A nan yawanci hanya take ƙarewa, sai ya ce shi wannan daga Barno ya zo, ko daga Gobir, ko kuma daga Gabas kawai. Wannan salsala tana da aikinta, ba kuma ƙarami ba. Da ita ake sanin wanda ya cancanci gadon gona, da wanda ke da hakkin neman dagaci ko limanci. Sai dai sunayen maza ne zalla, kuma mazan ma waɗanda suka zauna. Babu wanda ya tafi cin rani bai dawo ba, babu 'yar da aka aurar wani gari, babu bawan da ya sare dajin da ya zama gonar. Salsala kamar karan dawa ce bayan girbi: tana tsaye, kana iya ƙirga gaɓoɓinta, amma an riga an yanke zangarniyar an kai wani wuri.

Mu fara da Karo, domin can ne aka fi samun abin faɗa.

Dangin Baba Barebari ne, asalinsu Barno. Kakanta Ibrahim Dara shi ne tushen gidan, mahaifinta Tsoho manomi ne kuma malamin allo, mahaifiyarta Fatsuma ta rasu tun Baba tana yarinya. Karo ba gari ba ne mai ganuwa da kasuwa. Mazaunin dangi ne da rinjinsu, wato unguwar bayi a tsakiyar gonaki. Ibrahim Dara ya tara bayi masu yawa, da ya rasu aka raba su tsakanin 'ya'yansa kamar yadda aka raba sauran dukiya. Da damina bayi sukan shiga gonar gandu da hantsi, a kai musu abinci da rana, su tashi da azahar, sannan kowa ya nufi 'yar gayaunarsa. Abin da ya samu a gayauna nasa ne, da shi wani kan tara kuɗin fansar kansa. Yaran da aka haifa a rinji, cucanawa, akan yi musu suna, su tashi cikin Musulunci da Hausa, suna wasa da 'ya'yan iyayen gijinsu, suna kiran juna da sunayen zumunta.

Mutane da yawa kan tsaya a wannan bayani na ƙarshe su ce ai bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce. Ban yarda a tsaya nan ba. Yaron da ka kira ƙane da safe, in mai gida ya rasu, sunansa yana cikin lissafin abin da za a raba. Iyayensa ko kakanninsa kuwa ba da ƙafarsu suka zo rinjin ba, kamo su aka yi daga wani gari da shi ma yake da nasa zaure da tasa salsala, wadda ta yanke a ranar da aka kama su. Baba ba ta ɓoye wannan ba. Ta ba da labarinsa a matsayin abin da ta buɗe ido ta gani, kuma saboda ba ta yi masa kwalliya ba ne muke iya ganinsa sarai.

Su kansu masu rinjin ba su tsira ba. Karkarar da ke tsakanin Kano, Katsina da Zazzau wuri ne na mahara, kudancin Kano kuma yana fama da Ningawa. Baba ta ambaci wani jagoran mahara da ake kira Mai Sudan, wanda mutanensa kan faɗo wa ƙauyuka su kwashi mata da yara. In aka ji ƙishin-ƙishin ɗin hari sai a kwashe a shige cikin ganuwar Zarewa. An taɓa kama mata da yara daga cikin danginta, maza suka bi sawu gari-gari suna cigiya, da aka gano inda suke aka tara wuri aka fanso su. A nan ne ake gane amfanin dangi mai yawa a wancan zamani. Wanda yake da 'yan'uwa masu bin sawu da masu haɗa kuɗi yakan dawo gida. Wanda ba shi da su, a rinjin wani yake ƙarewa, jikokinsa su tashi da asalin da ba nasu ba. Tazarar da ke tsakanin ɗa da bawa a wancan lokaci, sau da yawa, ba ta wuce wannan ba.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Baba tana da shekara ashirin da 'yan kai. Ba su 'yanta bayi a rana ɗaya ba. Dokar Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ta hana kamu da ciniki, ta ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. A tsakanin nan wasu suka fanshi kansu a gaban alƙali, wasu suka ci gaba da biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa, wasu kuwa ba su jira kowa ba, suka ɗaure kayansu da dare. A rinjin su Baba mafi yawa tafiya suka yi. Mazan gidan da suka saba duba aiki suka koma riƙe fartanya da kansu. Wani abu kuma ya biyo baya wanda har yau muna cikinsa: tunda noman mace a gona alamar bauta ce a wannan yanki, matan da suka sami 'yanci suka bar gona, kulle ya bazu har cikin gidajen talakawan karkara. Ita Baba da mutanenta, waɗanda ba Fulani masu sarauta ba ne, abin da suka fi tunawa da zuwan Turawa shi ne hari ya tsaya, mace ta iya tafiya biki wani gari ba tare da fargaba ba. Ba sai mun yarda da mulkin mallaka ba kafin mu fahimci dalilin da ya sa wadda ta ga an kama danginta za ta faɗi haka.

Aurenta na fari na zumunci ne, da ɗan'uwanta Duma, irin auren da manya kan ƙulla don dukiya da zumunta su tsaya a gida. Bai ɗore ba. Ta auri Malam Maigari, daga baya Malam Hasan, wanda zama da shi ya sa Giwa ta zama garinta, sannan a ƙarshe wani Ibrahim. Ba ta haihu ba, amma ɗakinta bai rabu da yara ba, domin an ba ta riƙo, ta raina, ta aurar. Ta kuma yi aikin ungozoma. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, wadda mijinta M. G. Smith, mutumin Jamaika, yake binciken tsarin mulki da tattalin arzikin Zazzau, ta zauna da ita kimanin mako shida tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Littafin, Baba of Karo, ya fito da Turanci a Landan a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Daga baya aka buga asalin Hausar da sunan Labarin Baba.

Me ya sa mace marar ɗa ta riƙe sunayen kakanni, baffanni, gwaggonni, kishiyoyi, agololi da bayi na gidaje da yawa, ta san wa ya auri wa, wa ya saki wa, wa ya yi riƙon wa? Ba baiwa ce ta ita kaɗai ba. Tsarin zamanmu ne ya sa haka. Namiji a gida ɗaya ake haifarsa, a nan yake aure, a nan yake tsufa, gida ɗaya ya sani. Mace kuwa ana haifarta a wani gida, wataƙila a yi riƙonta a wani, a kai ta na uku, in aure ya mutu ta shiga na huɗu. Kowane gida ta shiga dole ta koyi mutanensa: wa za ta yi wa kunya, wa za ta yi wasa da shi, sunan wa ba za ta faɗa ba. Ita ke zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, ita ke riƙe lissafin gudummawa, ta san wadda ta kawo mata kwano a bikin 'yarta shekara goma da suka wuce, domin sai ta rama. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa galibi ta mata ce. Ungozoma ta fi kowa, tunda a hannunta rabin gari ya faɗo.

A Bebeji labarin ya bi wata hanya. Gidan su Alhassan Agalawa ne, ɗaya daga rukunonin fatake uku da suka riƙe cinikin goro a ƙarni na 19, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Asalin Agalawa daga arewa ne, ƙasashen Buzaye, suka zazzauna a karkarar Katsina da Kano, suna noma da damina, suna fatauci da rani. Kakan Alhassan, Baba Talatin, shi ya kawo gidan Madobi daga ƙasar Katsina, mahaifin Alhassan, Abdullahi, ya koma Bebeji. Ayari kan tashi da kanwa da baƙaƙen tufafi da fatu, ƙarƙashin madugu, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a yi wata da watanni kafin a kai Salaga, a juyo da goro a kan jakuna. Abdullahi ya rasu Alhassan bai kai shekara goma ba. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta, ta tafi Akara ta zauna, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta raine su, shi ya sa aka riƙa ce wa yaron ɗan Tata.

Sauran labarin sananne ne, ba sai na ja shi ba. Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya taɓa yankinsu. Alhassan ya yi karatun allo, ya bi sawun mahaifiyarsa har Akara, ya gane cewa goro zai fi saurin isowa in aka ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon a biyo da shi ta daji. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya tare a birni, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. Abin da ya ba shi galaba a kan wasu shi ne abin da ya gada daga karkara: yaran gida da 'yan'uwa da abokan fatauci a ƙauyuka, waɗanda za a ba kuɗi tun kafin kaka a kan amana. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. 'Ya'yansa Ahmadu, Sanusi, Mamuda da Aminu kowa ya kama nasa fanni, daga siyasa zuwa jigilar alhazai zuwa gine-gine. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina.

Ga inda salsalar maza take tuntuɓe. Mutumin da ya fi kowa suna a zuriyar nan yau shi ne Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957. In dattijo ya jero "wane ɗan wane" na gidan Ɗantata, Aliko ba zai fito ba, domin ta wajen uwa ya shigo: mahaifiyarsa Mariya 'yar Sanusi ce, Sanusi ɗan Alhassan. Mahaifin Aliko ya rasu yana ɗan shekara takwas, ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, a gidan da ciniki yake kamar karatun allo. Wato sau biyu cikin ƙarni ɗaya maraya ya tashi a wannan zuriya ya zama babban attajirin zamaninsa, kuma sau biyun hanyar ta bi ta hannun mata ne: Amarya da ta nuna hanyar Akara, Tata da ta yi raino, Mariya da ta mayar da ɗanta gidan ubanta.

Tata ce ta fi tsaya mini a rai. Sunanta yana kan kamfanoni da tituna da takardun banki, ana faɗinsa kullum a Kano da Abuja, amma tarihin gidan da ake bayarwa sunanta kawai ya riƙe da aikin da ta yi. Ita ma 'yar wasu ce, daga wani gari. Irinta dubbai ne a ƙasar Hausa, su suka goya sarakuna da malamai da attajirai, ita dai ta yi sa'a wani yaro ya tafi da sunanta. Mutanen da suka bar rinjin Karo bayan 1903 ko wannan ba su samu ba. Sun shiga garuruwa, sun sari sabon daji, wasu sun shiga aikin hanyar jirgi ko haƙar kuza a Jos, kuma abu na farko da kowannensu ya yi wa 'ya'yansa shi ne ya yi shiru. In ka ga salsala ta tsaya cak a kaka na uku, an ce "shi dai baƙo ne, nan ya zo ya zauna," wani lokacin mantuwa ce, wani lokacin kuwa sutura ce da uba ya yi wa zuriyarsa da gangan. Mai bincike ya kamata ya san wannan kafin ya matsa wa tsoho da tambaya. Har yau akwai garuruwan da ake fasa aure a kan irin wannan magana, ko da yake addini bai san da wannan bambanci ba. Ra'ayina shi ne abin da ka gano game da gidanku naka ne ka faɗa, abin da ka gano game da gidan maƙwabci kuwa amana ce.

Akwai kuma waɗanda suka ɓace ta wata hanyar. Duk gidan fatake na Bebeji ko Madobi ko Kura yana da reshe a zangunan Kumasi da Akara, mutanen da suka je goro suka yi aure suka zauna. Gidan malamai kuwa da wuya ka rasa wanda aka ce ya tafi Gabas bai dawo ba. Wasu sun bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirar da ta ƙare a Burmi a 1903, waɗanda suka tsira suka zarce har bakin Kogin Nilu suka kafa Mai Wurno a Sudan. Wasu sun kama hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan, aikin shekara biyu ya zama na har abada. Jikokinsu suna can, da yawa suna jin Hausa, wasu har sunan ƙauyen kakansu sun riƙe, alhali a ƙauyen an daɗe da cire shi daga lissafi.

Waɗanda suka zauna kuma, gona ce ke ba da labarinsu. A tsarin gandu uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, suna noma tare, shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi musu aure, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta lura cewa gandu ba ya daɗewa bayan rasuwar uba. Sai a raba: a fitar da tumunin takaba, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, mata kuma sau da yawa su bar nasu a hannun 'yan'uwansu maza ko su sayar musu. Bayan rabo uku ko huɗu, gonar da ta ciyar da gida guda ta zama 'yan filaye da ba za su ciyar da kowa ba. A Dorayi, gefen birnin Kano, inda ta yi aiki a farkon shekarun 1970, ta tarar da manyan gidaje masu ɗauke da mutane da dama, har wasu kusan ɗari, saboda ƙasa ta yi ƙaranci, samari ba su da inda za su fita su kafa nasu. Dorayin nan yau unguwa ce a cikin birni, gonakin sun zama filotai. Wanda ya san karatun iyakar gona, in ya tsaya a ƙauyen da birni bai cinye ba tukuna, zai ga salsala a shimfiɗe a ƙasa: dogayen gonaki huɗu a jere masu faɗi ɗaya, 'yan'uwa huɗu ne suka raba ta ubansu. Tsohuwar kuka ko rijiya ko kufai a tsakiya, nan gidan farko yake.

To mai son bin sawun gidansu ta ina zai fara? Ta ɗakin tsohuwa, kafin zaure. Gwaggo ko inna ko kaka, musamman wadda ta yi aure fiye da ɗaya ko ta yi riƙo. Kada a ce mata ta jero kakanni, wannan tambayar maza ce. A tambaye ta wa ya yi mata wankan amarci, a ɗakin wa aka yaye ta, wa ya zo gaisuwa da mahaifinta ya rasu kuma daga wane gari. Sunaye za su riƙa fitowa da kansu, kowanne da labarinsa. Sai an yi haƙuri da alkunya, domin ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, kuma rabin Abba da Ummi da Baffa da ke gidan sunayen kakanni ne aka ɓoye. Wannan ma taimako ne, tunda duk inda aka ɓoye suna akwai magabacin da aka mayar. Laƙabi ma shaida ne. In kakanka Tanko ne, to yayyensa mata ne, ko da salsala ba ta ambaci ko ɗaya ba. Gambo ya biyo tagwaye. Talle ya tashi maraya. Ajuji an sha binne 'yan'uwansa kafin shi. Kande ta zo bayan maza.

Shekaru kuwa ba a tambayarsu da lamba. Mutanen karkara da sarakuna da yunwa suke ƙirga. Wanda aka haifa zamanin Sarkin Kano Alu, tsakanin 1894 da 1903 ke nan. Zamanin Abbas ya kai 1919, na Usman 1926, na Abdullahi Bayero 1953. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, 'Yar Buhu 1927, 'Yar Gusau farkon shekarun 1940. Na baya-bayan nan sukan ce shekarar canjin hannu, 1972, ko ta canjin kuɗi, 1973. In tsohuwa ta ce an yaye ta ana 'Yar Buhu, ka sami shekarar haihuwarta da kuskuren da bai wuce ɗaya ba. Tsagar fuska, wadda yanzu take ƙarewa tare da masu ita, takan nuna asalin da baki ya manta, haka ma wasan barkwanci: gidan da ke wasa da Fulani, a duba ko Barebari ne. Sunan gari da mutum ke amsawa bayan nasa kuwa a yi hattara da shi. Al'ada ce da makarantar boko da aikin gwamnati suka yaɗa, tana nuna inda aka ɗauki yaro makaranta, ba lallai inda kakansa ya fito ba.

Takarda tana zuwa ne daga ƙarshe, kuma ba ta da yawa, amma akwai ta. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin da suke zagaya gundumomi suna ƙiyasta haraji, da sunayen ƙauyuka da dagatai da sana'o'i, wani lokaci har da ɗan tarihin kafuwar gari kamar yadda dattawan lokacin suka faɗa. Gidan Arewa a Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano suna da nasu. Mafi daraja ga mai neman talaka su ne littattafan kotunan alƙalai da na majalisar sarki, waɗanda aka rubuta da Larabci. Wani masani, Allan Christelow, ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'i daga majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, kuma a cikinsu ne ake cin karo da mutanen da babu su a kowace salsala: matar da ta zo neman gadon gonar ubanta, baiwar da ta kawo kuɗin fansarta, manomin da ya yi ƙarar dagaci. A gida ma kada a raina jakar fatar da ke rataye a ɗakin marigayi malam. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu a bangon littafi ko a gefen takarda, da ajami, da watan Musulunci, kuma sau da yawa a nan kaɗai aka rubuta sunan 'ya mace tare da na uwarta.

Babi na gaba zai bar ƙasar Kano ya bi hanyar Gwanja, zuwa zangunan Salaga da Kumasi, wurin jikokin waɗanda suka tafi sayo goro suka zauna.